Manhajar Editin Ta Ƙi Buɗewa: Kafin A Ce A Yi Mata Fomatin

Tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, da kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga kula da Windows 10, duk wata tangarɗa da kwamfuta ta yi a ɗakunan haɗa finafinai an samu inda za a jingina laifin. Premiere ta ƙi buɗewa, sai a ce ai Windows 10 ce ta mutu. DaVinci Resolve ta nuna tambarinta ta ɓace, sai a ce wa'adin ne ya cika. Maganar ta zaga guruf-guruf na WhatsApp har wasu editoci sun fara tunanin sayar da na'urorinsu a wulaƙance, wasu kuma sun miƙa su an share komai an ɗora sabuwar Windows.

Abin da Microsoft ya daina shi ne aiko da gyare-gyaren tsaro na kyauta da ya saba aikowa duk wata. Kwamfutar da ta tashi ranar 13 ga Oktoba za ta tashi ranar 15, da duk manhajojin da ke cikinta. Har ma kamfanin ya buɗe wani tsari na ƙarin shekara guda, zuwa Oktoban 2026, ga wanda ya yi rajista. Haɗarin yana nan, amma a hankali yake zuwa: ƙofofin da ɓarayin intanet za su gano ba za a toshe su ba, kuma masu ƙera manhajoji za su riƙa fitar da sababbin nau'o'in da ba sa hawa tsohuwar Windows. Wannan ya fi shafar mu, domin yawancin kwamfutocin da ake aiki da su a Kano da Kaduna da Jos na gwanjo ne, alhali Windows 11 tana neman furosesar Intel daga ƙarni na takwas zuwa sama, da wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0. To amma duk wannan bai bayyana dalilin da ya sa manhajar da ta yi aiki jiya da daddare ta ƙi tashi yau da safe ba.

Dalilan ba su da yawa, kuma sanannu ne. A lokacin da manhajar editin ke tashi, tana karanta fayil ɗin da ta adana saitin mai ita, tana gaisawa da katin hoto ta hanyar direbansa, tana loda ƙananan manhajojin da aka liƙa mata na gyaran kala da sauti, sannan ta duba lasisi. Ko ina ta yi tuntuɓe a nan, sai ta tsaya. A ƙasarmu tuntuɓen da ya fi yawa shi ne na farko: an ɗauke wuta tana tsakiyar rubuta saitinta, fayil ɗin ya lalace. Maganinsa a Premiere bai wuce a danne maɓallin Alt yayin buɗe ta ba, ta koma saitinta na asali. Maɓallin Shift kuma yana sa ta sake karanta ƙananan manhajojin nan daga farko. In ba wannan ba ne, a dubi direban katin hoto, a sauko da shi daga shafin NVIDIA ko AMD ko Intel kai tsaye. Idan kuwa bayan sabunta shi ne matsalar ta fara, a koma wanda ya gabace shi. Saƙon da ke cewa babu MSVCP140.dll ko VCRUNTIME140.dll yana nufin a sake ɗora Visual C++ na Microsoft, kyauta ne, minti biyar ya isa. Sai faifan C da ya cika maƙil da tarkacen da manhajar ke tarawa. Sai kuma wani abu da ba a cika tunawa da shi ba a tsofaffin na'urori: ɗan batirin nan mai kamar kwabo da ke riƙe agogon kwamfuta. In ya mutu, kwanan wata ya koma shekarun baya, binciken lasisi ya gaza. Windows kanta tana rubuta sunan abin da ya kayar da manhaja a cikin Event Viewer, ga wanda zai daure ya buɗe ya karanta.

Akwai kuma inda na'urar ce kawai ba ta kai ba. Sababbin nau'o'in Premiere suna neman aƙalla RAM gigabait 8, sun fi son 16, da furosesa mai AVX2. Resolve tana son 16 da katin hoto mai zaman kansa. Wanda ya ɗora su a kan kwamfutar da ta shekara goma sha biyu, kuma ƙurar hunturu ta toshe mata fanka, ba shi da wanda zai zarga.

Duk wannan a rubuce yake a shafukan kamfanonin. Abin da ke damuna shi ne yadda ake yi a zahiri. Yaro ya shigo shagon mai gyara da kwamfuta a hammata, gumi na zuba, furodusa na ta kiran wayarsa saboda fitowa ta gaba ta shirin za ta hau YouTube da ƙarfe takwas na dare. "Oga, ta ƙi tashi." Mai gyara ya danna sau biyu, ya ga tambari ya fito ya ɓace, ko saƙon da ta nuna bai tsaya karantawa ba. "Sai dai fomatin, ƙanena. Akwai abin da kake so a ciki?" Yaro ya nuna folda ɗaya a kan allo, aka kwafe ta a filashi, aka share sauran. Da yamma manhaja ta buɗe lafiya lau. Ya buɗe aikinsa, sai ga jan allo ko ina, tana sanar da shi cewa ba ta ga hotunan ba. An yi gyaran gangar Abzinawa.

Da yawa daga masu wannan sana'a ba a taɓa zaunar da su an gaya musu cewa fayil ɗin aiki ba shi ne fim ba. Kamar littafin awon tela yake: a ciki an rubuta inda za a yanka da inda za a haɗa, amma yadin yana wani wuri daban. Yadin shi ne ɗanyen hoton da aka ɗauko daga lokeshan, da sautin da aka naɗa, da kiɗan da aka biya mawaƙi ya yi. Su ne aka share.

Dole kuma a faɗi maganar da ba a son ji. Kaso mai yawa na manhajojin da ke ƙin buɗewa na sata ne, waɗanda aka fasa wa makulli. Manhajar tsaro ta Windows tana ganin fayil ɗin da aka yi wa kutse ta kama shi ta killace, manhaja ta rasa ƙafar tashi, shawarar da ake bayarwa kuma ita ce a kashe tsaron gaba ɗaya. Ta irin wannan ƙofa ake shigo da manhajojin da ke kwashe kalmomin sirri, a wayi gari tashar YouTube da aka yi shekaru ana ginawa ta koma hannun wani. Na san uzurin, kuma ba na raina shi. Tun 2013 Adobe, kamfanin da ke da Premiere, ya daina sayar da manhajarsa a saya sau ɗaya, ya koma haya ta wata-wata da dala, kuma daga 2022 bankuna da dama a Nijeriya suka dakatar da biyan kuɗin waje da katin naira na tsawon lokaci. Amma masana'antar da ta yi shekaru tana kuka da masu satar fasaha, har suka durƙusar da kasuwar faifai, ya kamata ta ji nauyin gina aikinta a kan kayan sata. Resolve tana da nau'in kyauta na halal wanda ya ishi fim mai dogon zango. Kdenlive da Shotcut kyauta ne, kuma suna tafiya a kan na'ura mai ƙaramin ƙarfi.

Yanzu bari in zo inda na fi so a tsaya, domin manhajar da ta ƙi buɗewa yau ƙaramar alama ce ta wata babbar ɓarna da muka daɗe muna yi wa kanmu.

A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano, fim ɗin da ake ɗauka shi ne mafarin finafinan bidiyo na Hausa na kasuwa. A kan kaset ɗin VHS aka yi wannan zamani, ana haɗa fim da na'ura biyu, ɗaya na kunnawa ɗaya na naɗa. A 1999 mujallar Tauraruwa ta laƙaba wa harkar suna Kannywood, kafin ma a fara jin sunan Nollywood. Fim ɗin Sangaya ya zo ya sauya salon waƙa da rawa, Wasila ya biyo baya, Kasuwar Ƙofar Wambai ta cika da dillalan kaset. Daga nan aka koma ƙananan kaset na MiniDV da ake zuƙe hotonsu zuwa kwamfuta ta wayar FireWire, aka yi zamanin Ulead da Pinnacle da tsohuwar Premiere, aka koma faifan CD, aka koma katin ajiya. Finafinai dubbai aka yi a wannan tsakani. A tambayi furodusan da ya yi fim a 2003 ina uwar kaset ɗinsa take. Wanda ya yi sa'a zai nuna wani kwali a saman sif, zafin Kano ya gasa shi shekara ashirin. Abin da ya rage wa jama'a shi ne kwafin kwafi da wani ya ɗora a intanet, dishi-dishi, da tambarin tasha uku a kansa, an yanke sunayen waɗanda suka yi aikin.

Ko an samu kaset ɗin, da me za a kunna shi? Kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera na'urar VHS, ya daina a 2016. Kwamfutocin yau ba su da ramin FireWire. Fayilolin aiki ma haka suke tsufa. A 2011 Apple ya maye gurbin Final Cut Pro 7 da sabuwar da ba ta buɗe ayyukan tsohuwar, a 2017 kuma tsohuwar ta daina tashi a kan sabon tsarin Mac. A 2016 aka daina kula da QuickTime na Windows, wanda tsofaffin ayyuka da yawa suka dogara da shi. Ita Premiere, aikin da aka adana a sabon nau'i ba ya buɗuwa a tsoho. Hukumar adana finafinai da sauti ta Ostareliya ta yi gargaɗi tun 2015 cewa kaset ɗin da ba a mayar da shi na dijital ba kafin 2025, da wuya a cece shi. Shekarar ke nan da muka ɓata muna gardamar ko Windows 10 ta mutu.

Muna da misalin abin da ke yiwuwa idan aka damu. Fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana ɗaukar ya ɓata. A 2016 aka gano faifansa a rumbun Hukumar Finafinai ta Nijeriya, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Na yi murna, amma murnar da ɗan ɗaci a cikinta. Shi ya tsira ne saboda a kan faifan silima aka ɗauke shi, wanda ke iya jure shekaru masu yawa. Kaset da faifan kwamfuta ba su da wannan haƙuri. Idan muka jira shekara arba'in kamar yadda aka jira Shaihu Umar, babu abin da za a tarar.

Masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu sun yi iya ƙoƙarinsu wajen rubuta tarihin wannan masana'anta, amma rubutu ba zai maye gurbin hoton kansa ba. A finafinan nan akwai Kano ta shekarun 1990: titunanta kafin gadojin sama, ɗinkin da mata ke yayi, Hausar da matasa ke yi, fuskokin 'yan wasan da suka riga mu gidan gaskiya. Ɗalibin da zai yi nazarin rayuwar Hausawa nan da shekara hamsin zai nemi waɗannan, kamar yadda muke neman tsofaffin hotunan Turawan mulki a yau muna biyan kuɗi a ba mu kwafi.

Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano tana aiki tun 2001, kuma ta hannunta finafinai ke bi kafin su fita. Me zai hana a mayar da ajiye cikakken kwafi mai inganci, da adana shi yadda ya kamata, wani ɓangare na wannan aiki? Akwai rumbun adana finafinai na ƙasa a Jos, akwai Cibiyar Koyar da Fim a can, akwai sassan koyar da aikin jarida da fim a Jami'ar Bayero. Ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN tana da rajistar masu sana'a. Ba a rasa hukumomi ba, kuma abin da ake buƙata bai kai kuɗin taron bita guda ba: ɗaki mai sanyi, na'urorin VHS da MiniDV masu lafiya tun ana samunsu a gwanjo, faifan ajiya, da matasa biyu ko uku da za a biya su zauna suna kwafewa. Kowace 27 ga Oktoba UNESCO na bikin ranar adana kayan tarihi na sauti da hoto. Ina so in ga shekarar da za a yi wannan rana a Kano da sanarwar adadin finafinan da aka ceto, maimakon jawabai.

Su kuma furodusoshi, su daina barin dukiyarsu a kan kwamfutar edita ɗaya. Ɗanyen hoto ya zauna a wuri uku, ɗaya a wajen ofis. Kada a ajiye aiki a faifan da Windows ke kai, yadda ko fomatin ya zama dole ba zai taɓa shi ba. In an gama fim, a fitar da uwar kwafi mai nauyi wadda ba a matse ba, da wata marar rubutun fassara, da sautin magana da na kiɗa a rarrabe, a kuma fitar da jerin yankan a fayil ɗin XML, wanda wata manhajar daban za ta iya karantawa. A rubuta sunan manhaja da lambar nau'inta a jikin faifan. A sayi ƙaramar UPS, wadda kuɗinta bai kai na abincin lokeshan na mako guda ba. Kada a sabunta manhaja ko direba ana tsakiyar aiki. Shi kuma mai gyara, kafin ya ambaci fomatin, ya tambayi yaron me ya canza tun jiya, ya karanta saƙon da ke kan allo, ya kwafe faifan gaba ɗaya, ko da hakan zai sa a kai gobe.