Daga Filinge zuwa ajin anformatik: me ake koyo, wa ke amfana?

A 'yan shekarun nan, in ka tambayi yaran Kurfai, wato yankin Filinge, da suka ci bak abin da za su karanta, anformatik na cikin amsoshin da ke fitowa da wuri. Dalilin a fili yake. Waya ta shiga kusan kowane gida, kuɗin 'yan ci-rani ta Nita da Amana suke isowa daga Abijan ko Kwatano, kuma yaro ya gane akwai wanda ya rubuta manhajar da ke kai saƙon. Aikin gwamnati kuwa ya yi wuyar samu.

Sai dai a Filinge babu jami'ar da ke koyar da fannin. Jami'ar Tillaberi da aka kafa a 2014 ta fi karkata ga noma da abinci. Tilas ɗalibi ya kama hanyar Yamai, kusan kilomita 180, zuwa Jami'ar Abdou Moumouni ko makarantar EMIG ko ta IAI, ko ya nufi Dosso, wadda jami'arta ta mai da hankali ga fasahar sadarwa.

Da yawa daga ɗaliban kan shiga ajin farko ba su mallaki kwamfuta ba. A littafi suke rubuta algoritim da biro, su zana jadawali, su bi kowane layi da yatsa suna sauya ƙimar kowane harafi har lissafi ya fita. Wasu na raina wannan koyo, ni ban raina shi ba. Wanda ya saba bin shiri da hannu ya san abin da na'ura ke yi, ba ya kwafo daga intanet ya liƙa a makance. Amma gina manhaja ya wuce nan. Takarda ba ta koya wa mutum gyara abin da wani ya rubuta, ko gwada shiri har ya gano inda yake karyewa, ko yadda mutum biyar za su haɗa aiki guda ba tare da wani ya goge na wani ba. Waɗannan kuwa su masu ɗaukar ma'aikata ke tambaya. Da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a watan Agusta na 2023, ɗan lokacin taɓa na'urar ma raguwa ya yi.

Shigowar Starlink a 2025 na iya sauƙaƙa intanet ga mai hali. Amma ba za ta buɗe ɗaruruwan makarantun da rashin tsaro ya rufe a jihar Tillaberi ba, alhali daga can ake fara rasa masu lissafin gobe.

Wanda ya gama karatun kuma Yamai ke riƙe shi, don can bankuna da kamfanonin waya suke. Gida na samun kuɗin da yake aikowa, ilimin na zama a birni. Ga shi tashar kiwo ta Tukunus, mai shanun Azawak, tana kusa da Filinge: lissafin haihuwa da madara da rigakafin garke aikin kammala digiri ne sosai, in malamai za su turo ɗalibai su zauna da makiyayan kafin su rubuta layi ɗaya.