3.4 Tantance Tambarin Maƙera a Jikin Tsofaffin Takubba a Yankin Lolo

Kamar yadda aka bayyana a baya, garin Lolo yana cikin Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, a bakin iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Benin. Wannan matsayi ya sa dillalan kayan tarihi ke bi ta yankin suna neman tsofaffin takubba a gidajen sarauta da na mafarauta. Abin da suka fi dubawa wajen yanke farashi shi ne tambarin da ke jikin ruwan takobi.

Da yawa daga cikin ruwan takubban ƙasar Hausa daga Turai aka kawo su ta hanyar Sahara. Barth, wanda ya ziyarci Kano a 1851, ya ambaci cewa ana shigo da su da yawa daga Solingen ta ƙasar Jamus, sannan a yi masu ƙota da kube a gida. Maƙeran Jamus sukan buga alamomi kamar kyarkeci mai gudu ko jinjirin wata mai fuskar mutum. Da masu saye suka ɗauki alamomin a matsayin shaidar inganci, sai maƙeran gida suka shiga kwaikwayonsu.

Ana bin hanyoyi huɗu wajen tantancewa. Na farko, ana duba yadda aka yi tambarin, wato zurfinsa da tsarin layukansa. Na biyu, ana duba tsatsa. Idan cikin tambarin na ƙyalli amma sauran ruwan ya dafe, to daga baya aka yi shi. Na uku, ana lanƙwasa ruwan a hankali, domin ƙarfe mai kyakkyawan hori yakan koma daidai da kansa. Na huɗu, ba a dogara da ƙota ko kube ko hamila wajen ƙiyasta shekaru, saboda dukawa kan sabunta su lokaci bayan lokaci.

Sai dai ya kamata a lura cewa ba kowane kwaikwayo ne zamba ba. Akwai takubban da maƙeran gida suka sa wa alamar jinjirin wata tun ƙarni na 19, kuma su ma kayan tarihi ne masu daraja. Zamba ita ce a ƙara tambari yau don a yaudari mai saye.

Rashin wannan sani kan sa magada su sayar da gadon kakanninsu a banza. Bugu da ƙari, Doka mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta hana fitar da irin waɗannan kaya daga Nijeriya ba tare da izini ba.