Rangwamen na'urar Wi-Fi: Abin da mai saye daga Tudun Wada ya kamata ya duba kafin ya biya

Duk lokacin da Sallah ta gabato ko shekara ta zo ƙarshe, tallace-tallacen rangwame kan cika Facebook da WhatsApp. Cikin kayan da ake yawan zabtare wa kuɗi akwai na'urar rarraba intanet a gida, wadda aka fi sani da rauta. Ga magidancin da ke Tudun Wada ko Kiru, wanda matarsa ke tallan kaya ta waya, yaransa kuma ke shirin jarrabawar JAMB, tayin yana da jan hankali: a sayi data wuri ɗaya, kowa ya sha.

Sai dai kuɗin da aka rubuta a jikin kwalin shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da mai saye zai kashe. Sabis ɗin da ke isowa gidansa, da wutar da za ta riƙe na'urar, da kuɗin datar wata-wata, su ne za su nuna ko ya ci riba ko ya yi sayen kifi a ruwa.

Mai cin sim ce ko mai jiran waya?

Rauta iri biyu ce, kuma a nan ne mutane da dama ke fara tafka asara. Akwai wadda ake saka wa sim, ta ɗauko intanet daga ƙarfen sabis kamar yadda wayar hannu ke yi. Akwai kuma wadda ba ta da gurbin sim kwata-kwata, sai an jona mata wayar intanet da wani kamfani ya ja har cikin gida.

Ta biyun ta fi araha, galibi kuma ita ce mai dogayen ƙahoni huɗu da ke burge ido a hoto. Amma a garin da ba a ja irin wannan waya ba, za ta kama wuta, sunanta ya fito a wayar kowa, intanet kuwa babu. Don haka tambayar farko ga mai shago ita ce ya nuna gurbin sim.

5G ko 4G?

MTN ya ƙaddamar da 5G a Najeriya a 2022, kuma Kano na cikin birane bakwai na farko, sannan Airtel ya biyo baya a 2023. Amma 5G ɗin da ake amfani da ita a ƙasar tana tafiya ne a kan zangon 3.5GHz, mai gudu sosai amma marar dogon zango, shi ya sa ta fi yawa a cikin manyan birane. Rautar 5G da aka kai inda babu 5G komawa take yi kan 4G. Ke nan mai ita ya biya kuɗin dokin sukuwa, ya ƙare da na kilisa.

Abin da ya fi amfani ga mazauna karkara shi ne zangon da ke nisa. Ƙananan zanguna irin su 700MHz da Glo ke amfani da shi, da 800MHz da MTN ya mallaka bayan sayen Visafone a 2016, sun fi kai wa nesa da ratsa bango. A jikin kwali ana rubuta su da B28 da B20. Wasu na'urorin na hannu da aka ƙera don wata ƙasa ba su da waɗannan zanguna, shi ya sa suke aiki lafiya a kasuwar Farm Centre ko Beirut Road, amma da an iso gida sai su yi ta lalube.

Yanayin ƙasa ma yana da nasa tasirin. Sabis ɗin da ake samu a bakin titi a Kwanar Dangora ba shi ake samu a ƙauyukan gefen dajin Falgore ko tsakanin duwatsun Riruwai ba. Gwajin ba ya cin ko sisi: a ari sim na kamfanoni daban-daban, a gwada su a waya a daidai ɗakin da za a ajiye na'urar, da rana da kuma bayan isha'i lokacin da jama'a suka yi yawa a kan layi. Idan sai an fita tsakar gida ake samun 4G, to a nemi rauta mai ramukan jona eriyar waje, wadda za a ɗaure a kan dogon ƙarfe ta fuskanci ƙarfen sabis.

Wa zai riƙe ta idan an ɗauke wuta?

Yawancin rautocin gida ba su da batiri. Da zarar wutar KEDCO ta tafi, sun tafi. Abin farin ciki shi ne ba su da ci: da yawansu suna aiki ne da cajar bolt 12, kuma cinsu bai cika wuce wat 12 ba. Ƙaramar sola da ke kunna fitilu da cajin waya za ta iya ɗaukarsu. Fawa bank mai 20,000mAh ma, idan aka samu wayar da ke ɗaga wutar USB zuwa bolt 12, zai riƙe irin wannan na'ura na wasu sa'o'i. Rautocin 5G sun fi cin wuta.

Kuɗin waɗannan kayan haɗi ya kamata a ɗora a kan farashin rangwamen kafin a kira shi araha. Ga ƙaramin gida mai wayoyi uku ko huɗu, 'yar ƙaramar MiFi mai batirinta na iya wadatarwa.

Inda kuɗin yake

Kamfanonin sadarwa kan sayar da rauta da sauƙi, har su haɗa da kyautar data ta watan farko, domin na'urar a kulle take, ba ta karɓar sim ɗin wani kamfani. Idan sabis ɗinsu na da ƙarfi a unguwarku, wannan ciniki ne mai kyau. Idan ya lalace, ba ku da wurin gudu. Wadda ba a kulle ba ta fi tsada, amma tana ba da damar sauya layi.

Batun ya ƙara nauyi tun watan Janairun 2025, lokacin da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. Sannan gidan da ya samu Wi-Fi shan datarsa ƙaruwa yake yi, domin wayoyi kan fara sabunta manhajoji da kansu, kuma bidiyo mai tsananin haske na iya cinye sama da gigabait ɗaya a cikin awa guda. Ko tsarin da ake tallatawa da sunan marar iyaka, yawanci akwai adadin da idan aka kai za a rage masa gudu.

Lissafin da ya dace shi ne na shekara: kuɗin na'ura, da na wuta, da datar wata 12, sai a kwatanta da abin da gidan ke kashewa yanzu a wayoyi daban-daban.

Kafin a bar shagon

A sa mai shago ya kunna na'urar da sim a gabanku. A karɓi rasit, a kuma ji tsawon garanti da inda za a kai ta idan ta samu matsala, domin kuɗin motar zuwa Kano da dawowa kaɗai na iya cinye ragin da aka samu. Sim ɗin da ke ciki kuma a yi masa rajista da lambar NIN ɗinku, kada a karɓi wanda ke ɗauke da sunan wani.

Wadda ke da 2.4GHz da 5GHz a haɗe ta fi, amma a gida mai sassa da katangu masu kauri, 2.4GHz ce za ta kai zaure. A ajiye ta a sama kusa da taga, nesa da zafin kwano, a kuma cire wayar eriyar waje idan hadari ya taso da tsawa.

A ranar farko a sauya kalmar sirrin da ta zo da ita, da ta Wi-Fi da ta shafin sarrafa na'urar. In ba haka ba, matasan majalisar ƙofar gida za su taya ku shan datar. Idan kuma kamfani ya ci kuɗinku aka kai masa ƙorafi bai gyara ba, layin NCC na 622 kyauta ne.

Hausawa sun ce araha ba ta ado. Rangwamen da ya dace da mutumin Bebeji ko Doguwa shi ne na na'urar da ta kama sabis a ɗakinsa, ta rayu da wutar da yake da ita, kuma aljihunsa zai iya ciyar da ita bayan kyautar watan farko ta ƙare.