Me ya sa esin mota ke busa iska mai zafi?

A cunkoson titin Nima, cikin zafin watan Maris, esi ya ƙi sanyi, mai mota sai ya ce gas ya ƙare. Sau da yawa haka ne, amma gas ɗin R134a ba ya ƙonewa kamar fetur. In ya ragu, akwai inda yake yoyo. Duba mahaɗar bututu: inda ka ga danshin mai ya kama ƙura, nan ne. Ruwan sabulu ma zai yi kumfa a wurin. Cika gas ba tare da toshe yoyon ba asarar sidi ce kawai.

Kafin nan, tada injin, ka kunna esi, ka saurara. Kwamfiresa mai lafiya tana yin "ƙas" idan ta kama. In shiru, a fara da fiyus da waya, su ne mafi araha.

In kuwa esi yana sanyi a kan gudu, ya daina a tsaye, matsalar tana gaban mota: ko fankar kwandensa ta mutu, ko ƙurar hunturu ta toshe kwandensar.

Kada ka ruga kasuwar Abossey Okai sayen kwamfiresa sai makanike ya ɗora ma'aunin gas a gabanka.