Tankar Yaƙi a Tafin Hannu: Yadda Ake Haɗa Ta a Yi Mata Fenti

Ƙaramar tankar yaƙi ta roba tana zuwa ne a cikin kwali, a wargaje. Wanda ya buɗe kwalin ba zai ga tanka ba. Abin da zai gani shi ne wasu firam-firam na roba da ƙananan sassa ke maƙale a jikinsu kamar 'ya'yan itace a reshe, kowane sashi da lambarsa, sai takardar bayani mai zane-zane da wata 'yar takarda mai ɗauke da tambura. Aikin mai wannan sha'awa shi ne ya yanko sassan, ya gyara su, ya manna, sannan ya yi fenti har abin ya fito kamar wata tanka ta gaske da ta taɓa taka ƙasa a wani yaƙi. Robar da ake yin su da ita sunanta folistirin. Ana narkar da ita ne a ɗura cikin mazubi na ƙarfe da ƙarfin inji, ta daskare ta ɗauki siffar mazubin. Duk wanda ya taɓa ƙera motar kara ko ta langa-langa yana yaro ya san daɗin da ke cikin irin wannan aiki. Bambancin kawai shi ne a nan ana bin awo daidai wa daida.

Awon nan shi ne abu na farko da ake dubawa a jikin kwali. Idan an rubuta 1/35, ma'anarsa kowace santimita ɗaya a jikin ƙaramar tana wakiltar santimita 35 a jikin babbar. Tankar Amurka mai suna Sherman, wadda tsawonta ya kusa mita 6, takan dawo kimanin santimita 17. Tiger ta Jamus, da doguwar igwarta, takan kai santimita 24. Wannan awo ya samo asali ne daga kamfanin Tamiya da ke birnin Shizuoka a Japan, wanda ya fara a 1946 a matsayin masana'antar katako. A 1961 kamfanin ya fitar da tankar Panther mai tafiya da batir, aka yi girmanta daidai yadda za ta ɗauki batura da ɗan inji, da aka auna sai aka tarar ta faɗa kan 1/35. Daga nan awon ya zauna, sauran kamfanoni suka bi sahu. Har yau akwai tsofaffin samfuran Tamiya da ake ganin ramuka a ƙasan cikinsu, gurbin makunni da wayoyin wancan zamani. Akwai kuma ƙananan awo: 1/48, da 1/72, da 1/76 wanda kamfanin Airfix na Ingila ya shahara da shi. Waɗannan sun fi araha kuma ba sa cin wuri, amma sassansu ƙanana ne ƙwarai, Sherman a 1/72 kimanin santimita 8 ce kacal. Ga mai koyo, 1/35 ya fi sauƙin riƙewa da gani.

Zaɓen tankar farko shi ne inda da yawa suke yin kuskure, domin ido yakan tafi kan kwali mafi girma da hoto mafi burgewa. Akwai samfuran da sassansu suka haura dubu, da ƙananan ƙarafa sirara kamar takarda, da sarƙar tayoyin da sai an haɗa ta ɗaya bayan ɗaya. Irin waɗannan na gwanaye ne, kuma sau da yawa a hannun sabon shiga a cikin kwali suke ƙarewa, rabi a haɗe rabi a watse. Abin da ya dace shi ne tanka mai sassa kaɗan, mai launi ɗaya, mai sarƙar roba mai laushi da ake ɗaurawa a dunƙule. Panzer II ta Tamiya, wadda ta fito tun 1971, da M41 Walker Bulldog, da T-34 ta Tarayyar Sobiyat, duk sun daɗe suna koya wa mutane wannan aiki. Yana da kyau a ƙirga tayoyi kafin a saya. T-34 tana da manyan tayoyi biyar a kowane gefe, Panzer IV kuwa tana da takwas masu tagwaye a kowane gefe, wato 32 ke nan, kuma kowace sai an goge ta an zagaye bakinta da fenti. Tiger ta fi duka wahala saboda tayoyinta shiga juna suke yi.

Kayan aiki ba su da yawa. Ana bukatar 'yar filaya mai kaifin baki don yanko sassa, ko da abin yanke farce ne zai yi a farko, da wuƙa mai siririn baki irin ta masu zane, da matsefata, da samfefa mai laushi lamba 400 zuwa 1000, da burushi biyu ko uku, ɗaya mai faɗi, sauran masu tsini. Batun gam ne yake bukatar bayani. Gam ɗin folistirin ba manna abu biyu yake yi irin yadda aka saba ba, narkar da fuskokin biyu yake yi su zama abu ɗaya, kamar walda. Mafi kyawunsa shi ne mai ruwa-ruwa da ke zuwa da ɗan burushi a murfi. Ana haɗa sassan biyu a riƙe, a ɗiga kaɗan a bakin mahaɗar, shi da kansa zai bi tsagin ya shige. Idan ya taɓa yatsa, yatsan kuma ya taɓa jikin tankar, zanen yatsan zai zauna a robar. Sufa-gulu na ƙarfe ne da sassan da ba folistirin ba. Sholisho na facin taya ba shi da wurin zama a nan.

Wajen yanka, ba a tsinke sashi da hannu, domin yakan ɓantaro nama ya bar rami. Ana yankewa ne nesa kaɗan da jikin sashin, sannan a bi sauran da wuƙa da samfefa. Kusan kowane sashi yana da wani siririn layi da ya zagaye shi, wurin da ɓangarori biyu na mazubin suka haɗu. Ana kankare shi da bayan wuƙa. Mai gaggawa yakan tsallake wannan mataki yana zaton fenti zai rufe, alhali fenti ƙara fito da layin yake yi, musamman a jikin igwa da bakin tayoyi. Kafin a sa gam ko'ina, sai an fara gwada sassan a bushe a ga yadda suka zauna. Inda aka sami giɓi sai a cike da fila, irin dabarar masu gyaran jikin mota, a bari ta bushe a goge.

Takardar bayani takan fara da ƙasan tanka da tayoyi, ta hau gangar jiki, ta ƙare a kan da ke juyawa da igwa. Bin ta a jere shi ne daidai, sai dai masu ƙwarewa sukan bar tayoyi da sarƙa da ƙananan kaya irin su shebur da gatari a gefe, sai an gama fenti a maƙala. Sarƙa tana da gaba da baya, kuma juya ta kuskure ne da ake yawan yi. Tana kuma da hali: ta Sherman a ɗaure take tamau, ta T-34 da T-55 kuwa kwantawa take yi a kan tayoyi. Hoton tankar gaske shi ke nuna wannan, shi ya sa ba a fara aiki sai an nemi hotuna an zuba musu ido. Gidan tarihin tankoki na Bovington a kudancin Ingila yana da ɗaruruwan motocin sulke, har da Tiger mai lamba 131 da sojojin Birtaniya suka kama a Tunisiya a watan Afrilun 1943, kuma hotunan kayansa suna ko'ina a intanet.

Idan an gama haɗawa, a wanke tankar da ruwan ɗumi da ɗan sabulu don cire maiƙon hannu da garin samfefa, a bari ta bushe sarai. Sai a fesa fentin shimfiɗa, galibi ruwan toka, wanda yake ba fentin sama abin kamawa kuma yake tona duk wani aibi da ya ɓuya. Ana riƙe gwangwanin feshi nesa da kamar santimita 20 zuwa 30, ana wucewa da hannu ba tare da tsayawa wuri ɗaya ba.

Fenti iri uku ne. Akwai akirilik, wanda yawancinsa da ruwa ake sirka shi, yana bushewa da wuri kuma warinsa kaɗan ne, irin na kamfanin Vallejo na Sifen. Akwai inamel mai mai, irin na Humbrol, wanda yake kwanciya lumui da burushi amma yakan kwana bai bushe ba. Na uku shi ne wanda ake kira lacquer, mai ƙarfi da wari, wanda sai da bindigar feshi da wuri mai iska. Mai koyo ya tsaya kan akirilik. Tinar masu fentin mota tana cin folistirin, tana iya narkar da aikin mako guda cikin minti ɗaya.

Sirrin fenti da burushi shi ne sirki. Fentin da aka ɗebo kai tsaye daga kwalba yana da kauri, yana binne ƙananan kusoshi da layukan walda waɗanda su ne kyawun tankar, ya kuma bar sawun burushi. Ana sirka shi ne har ya yi kamar madarar shanu, a shafa siriri. Shafin farko ba ya da kyan gani, robar takan riƙa leƙowa nan da can, kuma a nan ne zuciya take raya wa mutum ya lafta. Haƙuri ake yi ya bushe, a sake na biyu, a sake na uku. A na ukun launi yake cika, zanen jikin tankar kuma yana nan bai ɓace ba. A wuri mai zafi akirilik yakan bushe a bakin burushi kafin ya isa jiki, don haka aikin safe ko na dare ya fi, a ɗan ƙara ruwa. Lokacin hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba, sai a kifa roba ko kwali a kan tankar da zarar an ajiye burushi.

Launi ba a zaɓarsa don ya yi wa ido daɗi, tarihi ne yake yanke shi. Tankokin Amurka a Yaƙin Duniya na Biyu launin zaitun mai duhu suke da shi, na Sobiyat kore ne da ake kira 4BO. Na Jamus sun fara yaƙin da ruwan toka mai duhu, sai a watan Fabrairun 1943 aka koma rawaya mai duhu, ana yi mata dabbare-dabbare da kore da ja-ƙasa. Saboda haka tankar Jamus ta 1940 mai launin rawaya kuskure ce, komai kyan fentin. Abu ƙarami yakan yi duhu a ido fiye da babba, shi ya sa ake ɗan ɗiga fari ko rawaya a cikin launin. Robar bakin taya ma ba a yi mata baƙi wuluk, toka mai duhu ta fi kama da gaskiya.

Tambura, wato taurari da lambobi da alamun runduna, ana jiƙa su ne a ruwa na 'yan daƙiƙu har su saki takardarsu, a zame su zuwa wurinsu, a danne da audugar kunne. A kan fenti mai kaushi iska takan maƙale a ƙarƙashinsu su riƙa ƙyalli kamar azurfa. Maganin wannan shi ne a fara shafa ruwan sheƙi garai-garai a wurin, tambarin ya kwanta a kan santsi.

A wannan mataki tankar tana kama da abin wasan yara, tsaf-tsaf, launi ɗaya ba inuwa. Abin da ke ba ta nauyin ƙarfe shi ne tsufar da ake ɗora mata. Ana farawa da tsinkakken fenti ruwan ƙasa mai duhu, wanda aka sirka har ya zama kamar ruwan shayi, a ɗiga shi da tsinin burushi a gindin kusoshi da tsagogi. Zai bi lungu ya zauna ya zama inuwa. Idan fentin ƙasa akirilik ne, ana yin wannan da inamel, saboda ana iya goge wanda ya yi yawa ba tare da an taɓa na ƙasan ba. Bayan haka sai a ɗebi launi mai haske a burushi, a goge shi a tsumma har ya kusa ƙarewa, a share gefuna da shi sama-sama, kaifinsu ya fito. Ɗan guntun soso da aka tsoma a fenti mai duhu yana yin tabon ƙujewa a bakin ƙofofi da wuraren da sojoji ke takawa. Fensir da aka goga a haƙoran sarƙa yana ba da ƙyallin ƙarfen da ya sha gurza. Garin allin zane mai launin ƙasa kuwa shi ne ƙura.

A nan ma yawan abu ɓarna ne. Tankokin Yaƙin Duniya na Biyu da yawa ba su daɗe a fagen daga ba kafin a lalata su ko a sauya su, ba su sami lokacin yin tsatsa kamar motar da aka yasar a bola ba. Tsatsa wurinta bututun hayaƙi da sarƙa. Ƙura da taɓo daga ƙasa suke hawowa, suna raguwa yayin da ake yin sama, kuma launinsu ya danganta da inda tankar ta yi aiki: farin rairayi a hamadar Libiya da Masar, baƙin taɓo a filayen Yukiren.

Daga ƙarshe ana fesa ruwan kariya marar sheƙi, ya kashe ƙyalli ya haɗe launukan wuri ɗaya. Ana yin duk wani feshi a waje ko kusa da taga a buɗe, nesa da wuta, a kuma kawar da wuƙa da gam da ƙananan sassa daga inda yara za su kai hannu. Tankar da aka gama ana ɗaukarta ta gindi, ba ta igwa ba, a ajiye ta a akwatin gilashi ko na roba mai murfi, inda rana ba ta bugu, domin zafin rana yana lanƙwasa folistirin yana kuma kashe launi. Idan ƙura ta hau, burushi mai laushi ya wadatar.