Mota Mai Inji Biyu da Mota Mai Jan Taya Huɗu: Ga Lissafin

  

Akwai wata magana da ke yawo a tasha da bakin gareji, har an kawo muna ita ana biɗar shawara. Cewa ake yi, tunda Hilux mai jan taya huɗu ta fi ƙarfin aljihun ƙaramin ɗan kasuwa, me zai hana mutum shi sayi tsohuwar Golf a ɗora mata inji na biyu a baya? Na gaba shi ja tayun gaba, na baya shi tura na baya. Ka ga ke nan an samu fowil da araha, damina ba ta hana mutum shiga Kuchi ko Girkau ko Margai ɗauko hatsi lokacin da buhu ke tsada. Maganar da daɗin ji. To amma kafin wani shi sai da shanu shi kai ma makanike, ga yadda munka ga lissafin.

Abin da ke kafe mota

Tsakanin tayu biyu masu jan mota akwai wasu haƙoran ƙarfe da ke raba masu ƙarfin inji. Ga a-kori-kura suna cikin aksul na baya, ga Golf kuwa suna cikin giyabos. Aikinsu su bar tayar waje ta fi ta ciki gudu in an sha kwana. Bisa kwalta wannan alheri ne. Cikin laka ko rairayi kuwa, in taya guda ta samu santsi sai ta yi ta juyawa a banza, 'yar'uwarta da ke bisa tsandauri ta tsaya cik. Shi ya sa jan taya huɗu ke da amfani: in na gaba sun rasa kamu, na baya su kama.

Ita Golf kuma tana da nata ciwo. Da tayun gaba take ja, mu kuwa a baya muke jibga mata buhuna. Baya shi zauna, gaba shi ɗaga, tayun da ke aikin su rasa nauyin da za su kama ƙasa da shi. Peugeot 504 a-kori-kura, wadda anka daɗe ana haɗawa a Kaduna, da baya take ja, don haka lodi ƙara mata kamu yake yi. Sau da yawa kafewar Golf daga lodi take.

Waɗanda sunka riga mu gwadawa

Wagga dabara ta inji biyu ba sabuwa ba ce. Kamfanin Citroën na Faransa ya fara sai da wata 'yar ƙaramar mota mai suna 2CV Sahara a 1960, don masu aikin neman mai da ma'aikatan da ke ratsa hamadar Afirka ta Arewa. Inji guda gaba, guda baya, kowane da giyabos nai da tankin mai nai da makullin tayar da shi, amma sandar giya guda ce, totur guda, kuloci guda. Ta yi aiki ƙwarai cikin rairayi, don ba ta da nauyi. Amma kuɗinta ya kai kusan ninki biyu na 'yar'uwarta mai inji guda. Anka daina yinta a 1966, kuma dukan abin da anka ƙera bai cika mota 700 ba, alhali mai inji guda an sai da miliyoyi.

Su ma Volkswagen, masu Golf ɗin da kansu, sun ƙera mai inji biyu sunka kai ta tseren hawan dutsen Pikes Peak a Amurka daga 1985 zuwa 1987. A na ƙarshe ta lalace dab da wurin tsayawa. Ba su taɓa fito da irinta kasuwa ba. Da sunka tashi sai da Golf mai jan taya huɗu, inji guda sunka sa mata da farfela zuwa baya. Wanda ya haifi abu in ya ƙi wata hanya, ya kamata mai saye shi tsaya shi yi tunani.

Inda dabarar ta ci nasara shi ne motocin lantarki. Tesla ta fito da mai na'urar ja biyu a 2014, kuma Toyota RAV4 mai haɗin fetur da batur tana juya tayun baya da na'urar lantarki, ba farfela. Dalili shi ne na'urar lantarki ƙarama ce, ba ta son kuloci, kuma kwamfuta ke daidaita ta. Injin fetur ba haka yake ba.

Kuɗin da ba a faɗa maka da farko

Makanike zai ce maka kuɗin inji da giyabos na Beljiyam kaɗai ne. Ga sauran. Sai an yanke ƙasan bayan motar an yi walda sabon mazauni, an ɗauko ƙafafun gaba na wata Golf an dasa a baya, an ɗaure su don kada su juya. Sai an canza ma tankin mai wuri. Sai lagireto na biyu da hanyar da iska zai same shi, in ba haka ba injin baya shi yi zafi cikin bazarar Afrilu. Sai salansa, sai waya, sai haɗa totur da kuloci da giya biyu su amsa ma ƙafa guda da hannu guda. Wanga na ƙarshe shi ne mai wuya. In giyar gaba ta shiga ta baya ta ƙi, ko inji guda ya fi ɗan'uwansa ja, mota ta riƙa faɗa da kanta, a kwana kuma tana iya juye ma direba.

Bayan an gama, kowane sabis ya zama biyu: baƙin mai, fulogi, bel, kuloci. Fetur kuma kun san abin da ya faru a ƙarshen Mayu 2023 da anka cire tallafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 a nan Arewa cikin 'yan kwanaki. Ko an kashe inji guda bisa kwalta, nauyinsa na nan ana ja. Takardun mota lambar inji guda ke gare su, sai ka yi ta bayani ga jami'an hanya. Ranar sayarwa kuwa, dillalai sun fi mu sani: motar da anka yanke ba ta da mai taya ta.

Babbar hasara ita ce wagga. Injin na biyu a mazaunin buhuna zai zauna. Ka kashe kuɗi don ka kai ga gero, ka isa, ba inda za ka aza shi. Taura biyu ba ta taunuwa.

To fowil na kamfani fa?

Shi ya fi hankali nesa ba kusa ba, irin na Hilux da Land Cruiser da Land Rover. Amma shi ma da nashi haraji. Ya fi tsada wurin saye, ya fi shan mai, kuma akwai ƙarin giyabos ƙarami da farfela da aksul na gaba masu son gyara. Nauyin ƙarafan nan daga cikin lodinka ake cire shi. Tayu huɗu sai su zama girma guda. Irin wanda ake sa wa da hannu, kamar na Hilux, ba a barinsa a ciki bisa kwaltar Sakkwato zuwa Jega, don gaba da baya ba su cin tazara guda a kwana, sai ƙarafa su ɗaure, tayu su cinye. Kuma fowil ja yake ƙarawa, bai ƙara birki. Bai kuma ƙetare ruwa mai zurfi: in Gulbin Zamfara ya cika ya malala fadama, injin da ya sha ruwa ya mutu ko taya nawa ke ja.

Shawarar da muke ba ku

Kowa shi ɗauki alƙalami. Mu ƙaddara kana fita sau biyu a mako, wajen fita 100 ke nan a shekara. Ƙirga nawa ne daga ciki mota mai jan taya biyu ta kasa zuwa. Ruwa mai ɓata hanya na Yuli zuwa Satumba ne, galibin jigilar gero da dawa da wake kuwa da kaka ake yinta, hanya ta bushe. In fita 10 ko 15 ce, haya ta fi saye: ka ɗauki shatar mai fowil ranar, ko amalanken shanu da raƙuma da 'yan kabu-kabu su fito maka da kaya bakin titi, ka sa kuɗin cikin farashin buhu. In kuwa rabin fitarka cikin fadama da rairayi take, kamar mai kai taki ƙauyuka ko mai ɗauko shinkafa da albasa daga bakin gulbi, to fowil na kamfani zai biya kansa, ko da mutum biyu ko uku ne za su haɗa hannu su saya.

Mai Golf shi rage lodin baya, shi sa tayu masu ƙwari, shi sassauta masu iska kaɗan in zai shiga rairayi sannan shi mayar in ya hau kwalta, shi riƙe shebur da igiya da katako. Kuma a fita da wuri a komo da rana, don kafewa cikin daji da dare a wanga zamani ta wuce hasarar kaya.

Allah shi kiyaye hanya, shi ba mu ciniki mai albarka. Haza wassalam.