Shin Ko Kun San? Afrilu, Watan da Wasannin Bidiyo Ke Komawa Fim

Shin ko kun san cewa a 'yan shekarun nan watan Afrilu ya zama kakar wasannin bidiyo a Hollywood? Lokacin da muke fama da zafin bazara, a Amurka da Turai sanyi ne ke janyewa, makarantu suna hutu, iyaye suna neman inda za su kai yara. Sonic na biyu ya fito a Afrilun 2022, Mario a Afrilun 2023, Fallout a Afrilun 2024, sannan Minecraft da zango na biyu na The Last of Us suka biyo baya a Afrilun 2025.

Shin ko kun san a da, mayar da wasan bidiyo fim hanyar asara ce? A watan Mayun 1993 aka saki Super Mario Bros., da mutane na gaske, Bob Hoskins ya fito a Mario, Dennis Hopper a mugu. Masu fim ɗin suka watsar da duniyar Mario mai launi da fara'a, suka gina wani birni mai duhu da datti. Yara ba su ga Mariyonsu ba, manya ba su ga abin kallo ba, fim ɗin ya kasa mayar da kuɗin da aka kashe masa. Hoskins da bakinsa ya ce shi ne mafi munin aikin da ya taɓa yi. Nintendo, kamfanin da ya fara da buga katin wasa a Kyoto tun 1889, ya rufe ƙofarsa ga Hollywood kusan shekara 30.

Da aka dawo a 2023, Shigeru Miyamoto, wanda ya ƙirƙiri Mario, shi kansa yana cikin furodusoshi, tare da Chris Meledandri na kamfanin Illumination. Fim ɗin, wanda katun ne, ya tara sama da dala biliyan 1.3. Labarinsa ba shi da zurfi, wannan gaskiya ce, amma duk wanda ya taɓa riƙe abin buga gem ya san hannun mai kaya ya taɓa shi. A cikin Afrilun 2023 ɗin ne kuma Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya saka kiɗan Mario na Koji Kondo cikin rajistar sautukan da ake adanawa don tarihi, kuma shi ne kiɗan wasan bidiyo na farko da ya shiga.

Shin ko kun san 'yan kallo sun taɓa tilasta wa kamfani ya sake wa jaruminsa fuska? A ƙarshen Afrilun 2019 Paramount ya saki tallan Sonic, shuɗiyar bushiyar nan mai gudu. Sai ga ta da haƙora irin na mutum, ƙananan idanu da dogayen ƙafafu. Intanet ta ɗauki zafi. Darakta Jeff Fowler ya fito ya ce sun ji, aka ɗage fim ɗin daga Nuwamba zuwa Fabrairun 2020, aka sake zana Sonic yadda aka san shi. Ya tara sama da dala miliyan 300, ya haifi na biyu da na uku.

Shin ko kun san annobar da ke cikin The Last of Us tana da tushe a daji? Akwai wani nau'in naman gwari, dangin Cordyceps, da ke shiga jikin tururuwa. Yana juya mata hankali ta bar gidanta, ta hau tsiro, ta ciji ganye ta maƙale, ta mutu a nan, sannan ya tsiro ta kanta ya zubo da ƙwayoyinsa kan na ƙasa. Masu wasan na 2013 sun ga haka a shirin Planet Earth na BBC, suka ce: to da a ce mutum yake kamawa fa? A zahiri ba ya yi wa ɗan Adam haka.

A nan nake son tsayawa kaɗan, don a ganina shirin The Last of Us ne ya fi kowa cin jarabawa. Neil Druckmann, marubucin wasan, ya zauna da Craig Mazin, wanda ya yi Chernobyl, suka rubuta shi tare wa HBO. A kashi na uku na zangon farko sai suka bar hanyar wasan kusan gaba ɗaya, suka ba da labarin Bill, wanda a wasan ɗan guntun matsayi yake da shi. Nick Offerman ya ci kyautar Emmy da wannan rawa. Mai kayan yana wurin, shi ya sa aka iya sauya labarin ba tare da an ɓata shi ba. Mai kiɗan wasan ma yana cikin masu kiɗan shirin: Gustavo Santaolalla, ɗan Ajantina mai kyautar Oscar biyu, wanda ke kaɗa ronroco, wata ƙaramar garaya ta mutanen tsaunukan Andes. A kashin nan kuma aka sa wata waƙar Linda Ronstadt ta 1970, matasan da ba a haifa ba lokacin da ta fito suka ruga Spotify nemanta.

Shin ko kun san wani ɓangare na hamadar Fallout a Afirka aka ɗauke shi? Amurkar da makaman nukiliya suka rusa, an samo ta a Namibiya, a Kolmanskop, tsohon garin masu haƙar lu'ulu'u da aka ƙaurace wa, inda rairayi ya shiga ɗakuna ya cika su har tagogi. Amazon ya ce mutum miliyan 65 suka kalli shirin cikin kwana 16 na farko, kuma Fallout 4, wasan da ya fito tun 2015, ya sake hawa saman jerin ciniki a Turai. Dabarar masu shirin, su Jonathan Nolan, ita ce ba su maimaita labarin kowane wasa ba, sun ƙirƙiro sababbin mutane a cikin duniyar da aka sani. Wanda bai taɓa buga shi ba ma yana bin jaruman shirin, Lucy da Ghoul, ba tare da ɗan jagora ba.

Shin ko kun san waƙa mai daƙiƙa 34 ta shiga jerin Billboard Hot 100? Jack Black ya rera ta a A Minecraft Movie, ta zama mafi gajarta da ta taɓa shiga jerin. Wasan kansa ɗan Suwidin ne, Markus Persson ya fara shi, Microsoft ya saye kamfaninsa Mojang a 2014 kan dala biliyan 2.5, an kuma sayar da fiye da kwafi miliyan 300. Fim ɗin ya haura dala miliyan 900. A wasu sinimomin Amurka da Ingila, da zarar an nuno ƙaramin dodo a kan kaza, sai matasa su miƙe da ihu suna watsa gugguru, har masu sinima suka rinƙa kafa gargaɗi a bakin ƙofa. Murnar tasu ta gaske ce, ba na raina ta. Sai dai fim ɗin ya dogara ne da abin da yaro ya riga ya sani, uban da ya raka shi yakan fito bai riƙe komai ba.

Mako biyu bayan Minecraft, Ryan Coogler ya saki Sinners, sabon labari kan kiɗan blues a Mississippi ta 1932, ba wasa a bayansa, ba littafi, ya kuma haura dala miliyan 300. In za ku zaɓi ɗaya daga finafinan Afrilun 2025 ku kalla da kunne a buɗe, shi nake ba ku shawara.